Warin Fetur a Kwarmin Jirgin Ruwa: Dalilinsa, Haɗarinsa da Maganinsa

Madatsar ruwa ta Thomas da ke ƙasar Ɗanbatta tana daga cikin madatsun da aka gina a Jihar Kano a shekarun 1970. Masunta suna kamun kifi a cikinta, manoman rani kuwa suna jan ruwanta da injin ban ruwa. Duk inda inji ya haɗu da kwale-kwale, ko dai wanda aka ɗaura wa jirgin don tuƙi, ko wanda aka ɗauko tare da jarkar mai za a tsallaka da shi, to ba a raba jirgin da warin fetur. Mutane da yawa sun ɗauki wannan wari a matsayin ƙazanta kawai. Masana kimiyya kuwa sun ɗauke shi a matsayin gargaɗi.

Inda warin yake taruwa

Kowane jirgi yana da wuri mafi zurfi a cikinsa, wato kwarmin da ke ƙarƙashin katakon da ake takawa. Nan ne ruwan da ya tsattsafo ta tsakanin katako yake kwanciya, nan ne kuma duk man da ya ɗiga yake gangarawa. Lita 1 ta ruwa tana da nauyin kilo 1, amma lita 1 ta fetur ba ta wuce kimanin giram 750 ba. Saboda haka fetur ba ya nitsewa, sai dai ya bazu a saman ruwan, ya yi wani sheƙi mai launin bakan gizo. Gwargwadon faɗin da ya yi, gwargwadon saurin da zai yi wajen zama tururi, musamman a watan Afrilu da zafin rana kan haura digiri 40.

Abin da hanci yake ji shi ne wannan tururi. Tururin tukunya sama yake yi, amma na fetur ya fi iska nauyi ninki 3 zuwa 4. Don haka ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta a kwarmi, ido kuma ba ya ganinsa.

Haɗarin gobara

Ruwan fetur da kansa ba shi ne yake kamawa da wuta ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Gaurayen yana kamawa ne idan tururin ya kai kashi 1.4 zuwa kashi 7.6 cikin 100 na iskar wurin. Lita 1 ta fetur, idan ta ƙafe gaba ɗaya, ta isa ta mai da iska fiye da lita 10,000 abin fashewa, wato kwatankwacin iskar ƙaramin ɗaki. Bugu da ƙari, fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Man gas kuwa sai ya ɗumama ya wuce digiri 50 kafin ya yi haka. Wannan ne ya sa warin gas ya fi daɗewa a jikin katako, amma na fetur ya fi kisa.

Ashana, taba, fitilar kwai, garwashin mai shayi, ko tartsatsin wayar batir, kowannensu ya isa ya ta da wutar. Abin da ya faru a garin Majiya na Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 babban darasi ne: tankar mai ta faɗi, fetur ya kwarara cikin magudanar ruwa, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu.

Jiragen shaƙatawa na teku, har da masu tafiya da iska waɗanda ake sa wa ƙaramin inji, sun fi kwale-kwale shiga wannan haɗari, domin kwarminsu a rufe yake. Shi ya sa a Amurka doka ta tilasta a sa fankar zuƙe iska a jiragen da injin fetur ɗinsu yake a rufe, ana kuma umartar matuƙi ya kunna ta na minti 4 kafin ya ta da inji. Kwale-kwale buɗe yake, iska tana taimakonsa. Amma da zarar an lulluɓe shi da tamfol, ko an shimfiɗa katako da buhuna a kan kwarmin, ya koma kamar rufaffen jirgi.

Illa ga lafiya da sana'a

Shaƙar tururin fetur tana kawo ciwon kai, jiri da tashin zuciya, ga shi kuwa jiri a tsakiyar ruwa yana iya kai mutum ga nitsewa. Akwai kuma wani sinadari a cikinsa mai suna benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga masu daɗewa suna shaƙarsa. Wani abin lura shi ne hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintuna. Idan matuƙi ya daina jin warin, ba lallai ne tururin ya tafi ba. Kifin da aka zube a kwarmin ma yana ɗaukar warin, mai saye a kasuwar Ɗanbatta kuwa da ya sansana zai wuce gaba.

Yadda ake magance shi

Mataki na farko shi ne a nisanta duk wata wuta, a sauke fasinja, a jawo jirgin gaɓa, a ɗaga katakon ƙasa don iska ta ratsa. Na biyu, a nemo inda man yake fitowa: tiyon da rana ta busar ya tsage, kafireto mai ɗiga, ko murfin jarka da ya saki. Muddin ba a toshe wannan kafa ba, wanki aikin banza ne.

Na uku, a kwashe ruwan kwarmin a zuba a durom, kada a mayar da shi cikin madatsa, domin da shi ake shayar da dabbobi da tumatir. A barbaɗa garin katako ko busasshen yashi ya tsotse sauran man, a kwashe shi a ajiye nesa da wuta da rijiya. Daga nan a goge katakon da sabulun gari. Sabulu ba ya kashe mai, farfasa shi yake yi ya gauraya shi da ruwa, saboda haka a yi wankin a tudu nesa da gaɓa. A ƙarshe a bar jirgin a buɗe ya sha rana da iska. Fesa turare ɓoye gargaɗin kawai yake yi, turaren wuta kuwa gayyatar gobara ne.

Rigakafi ya fi magani. A riƙa zuba wa inji mai a tudu da mazurari, bayan an kashe shi ya huce. Kada a cika jarka har baki, domin fetur yana kumbura da zafi.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan darasi ba tare da taɓa fetur ba: ya ɗiga man gyaɗa a kwanon ruwa su ga yadda yake bazuwa a sama, sannan ya sa sabulu ya motsa, su ga ruwan ya yi fari alhali man yana nan. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai gane cewa ɗakin da ake ajiye jarkar janareto da ramin da ake saukar da injin ban ruwa su ma kwarmi ne, ƙa'idarsu ɗaya da ta jirgi.