Zafin Injin Land Rover A Hanyoyin Durba: Yadda Ake Gano Musabbabinsa

Duk wanda ya san hanyoyin burji da suka haɗa Durba da Kibiya da Rano, a kudancin Jihar Kano, ya san tsohuwar Land Rover ba abin rainawa ba ce. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, samfurin Series III kuwa ya fito daga 1971 zuwa 1985. Irin wannan mota ce ke iya ratsa yashi da laka da buhunan hatsi, ko ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Amma da bazara, watau Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, babban abokin gābarta shi ne zafin inji.

Zafin inji ba cuta guda ba ce, alama ce ta cututtuka da dama. Saboda haka makaniki na ƙwarai ba ya fara kwance inji. Yakan fara da abu mai arha, sa'an nan ya matsa zuwa mai tsada.

Da farko, bayan inji ya huce, ana duba ruwan lagireto, a bi bututun roba ko akwai yoyo. Buɗe murfin lagireto da zafinsa ganganci ne, domin tafasasshen ruwa yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska. Shi kansa murfin yana da muhimmin aiki: yana matse ruwan domin kada ya tafasa a digiri 100. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana zubewa.

Na biyu shi ne iska. A ƙasar noma irin ta Durba, ƙaiƙayi da ƙura da tsabar ciyawa sukan toshe fuskar lagireto, har iska ta kasa ratsawa. Haka kuma idan bel ɗin fanka ya saki, fanka da famfon ruwa duka za su yi rauni, tun da bel guda ke juya su.

Lokacin da zafin ke tashi shi ma shaida ne. Idan mota tana zafi a tsaye ko a tafiyar sannu, akasari laifin fanka ne. Idan kuwa sai an ɗauki kaya ana hawan tudu, to a tuhumi cikin lagireto, domin ruwan rijiya da na kududdufi sukan bar laka da tsatsa su toshe ƙananan hanyoyinsa.

Akwai kuma tamostat, wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan ruwa ya kusan digiri 80. In inji ya yi zafi amma bututun sama na lagireto bai ɗumama ba, ƙofar ce ta maƙale. Wasu sukan cire ta su yar gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, gama injin da ke jinkirin ɗumama ya fi shan mai da saurin lalacewa. Sauya ta ya fi.

Mafi muni shi ne ƙonewar gaskit ɗin kan inji. Alamunsa uku ne: kumfa a bakin lagireto, farin hayaƙi daga salansa, da baƙin mai da ya koma kamar madara. Da zarar an ga haka, ci gaba da tafiya asara ce.

Abin da ya kamata direba ya yi idan allurar zafi ta hau shi ne ya tsaya, ya kashe inji, ya ba shi lokaci ya huce. Kwara ruwan sanyi a inji mai zafi yana iya tsaga kansa. Jiran rabin sa'a a gindin bishiya ya fi mako biyu a gareji, ana cigiyar kayan gyaran motar da aka daina ƙerawa shekara arba'in da suka wuce.