Intel ko AMD: Abin da Mai Sayen Kwamfuta a Zango Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya je Circle sayen laftof ɗin gwanjo, ko ya leƙa ɗakunan ɗab'i na Accra New Town inda ake tsara katunan biki da fastoci, zai ga abu na farko da ake nuna wa mai saye shi ne 'yar takardar nan da aka manna kusa da madannai: Core i5 ko Core i7 na kamfanin Intel. Sunan Intel ya zama tamkar shaidar inganci. Amma kwamfutocin da ake saukewa a tashar Tema yawanci ofisoshin Turai da Amurka ne suka gama morarsu, don haka kasuwarmu labarin shekarun baya take bayarwa.

Tun daga lokacin ruwa ya canza. AMD, abokin hamayyar Intel, wanda ya kusa durƙushewa, ya samu Lisa Su a matsayin shugaba a 2014, ya fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Ryzen a 2017. Tun 2009 ya rabu da masana'antunsa. Shi yake zana ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera masa. Intel kuwa ya nace sai ya zana kuma ya ƙera da kansa, sai masana'antun nasa suka yi ta jinkiri. Apple ya juya masa baya a 2020, a 2024 Intel ya tafka asarar kusan dala biliyan 19, har a 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa.

Wani zai ce ai har yanzu mafi yawan laftof Intel ne a cikinsu, kuma Amurka ba za ta bari ya mutu ba. Haka ne, kuma mutuwarsa ma ba alheri ba ce gare mu, domin gasar ce ta sa ƙwaƙwalwa mai ƙarfi ta yi araha. Sai dai tallafin gwamnati ba ya gyara masana'anta, kuma ribar da ake fafutuka a kai yanzu ta koma manyan rumbunan bayanai, inda kamfanin Nvidia ke jan zarensa.

Ɗalibin Nima ko mai tsara kati a Maamobi, tambayarsa ita ce janareshan nawa ne ƙwaƙwalwar kwamfutar. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, kuma Windows 11 sai Intel janareshan na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Kafin ka ƙirga sidi ɗinka, a kunna maka kwamfutar ka karanta lambar janareshan ɗin da idonka.