Romon Ƙashi: Daga Saigon Zuwa Mitchellville

Mitchellville unguwar gidaje ce a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, gabas da birnin Washington. Yawancin mazaunanta baƙar fata ne masu rufin asiri: ma'aikatan gwamnatin tarayya, likitoci, ma'aikatan jinya, da 'yan Afirka ta Yamma masu yawa, har da namu Hausawa jefi-jefi. Shekara da shekaru mutanen gundumar suna kuka cewa manyan gidajen abinci sun ƙi zuwa wajensu duk da kuɗin da ke hannunsu, sai dai masu soyayyar kaza da dankali. A cikin waɗanda suka shigo suka cike wannan giɓi akwai ƙananan shagunan 'yan Biyetnam da ake gani a jerin kantunan Bowie, Largo da Lanham, masu sayar da abincin da ake kira pho.

Romo ne na ƙashin saniya, wanda ake barinsa kan wuta awoyi masu yawa tare da gasasshiyar albasa, citta, kanumfari da kirfa. Sai a zuba shi da zafinsa kan taliyar shinkafa da yankan nama siriri, a kawo maka lemun tsami, ɗanyen barkono da ganye a gefe. An fara shi a arewacin Biyetnam, yankin Hanoi da Nam Dinh, farkon ƙarni na 20 zamanin mulkin Faransa, ya gangara kudu da mutanen da suka yi ƙaura bayan raba ƙasar a 1954.

Yaƙi ne ya kawo shi Amurka. Da Saigon, babban birnin kudancin Biyetnam, ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975, 'yan gudun hijira da yawa suka sauka a Arlington ta jihar Virginia, suka kama shagunan unguwar Clarendon da arha domin haƙar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta kori masu saye. Da tashar ta buɗe a 1979 kuɗin haya ya fara tashi, a hankali suka koma Eden Center a Falls Church, wadda aka buɗe a 1984. Shagon Pho 75 ya fara a Arlington a 1985, daga baya ya yi reshe a Langley Park, cikin Prince George's. Tsadar haya ce ke tura su gaba tun daga lokacin, kuma duk inda suka sauka sai sun sami sababbin masu ci.

Abin da ya riƙe sana'ar a ganina shi ne tsarin tukunyar. A da, ƙashi da jijiya da tumbi ba su da daraja a kasuwar Bature, don haka jarin ba ya da yawa. Romon yana nan a shirye tun safe, mai gida da matarsa da 'ya'yansu ne ma'aikata, kwano kuma yana isowa gabanka cikin 'yan mintoci. Ma'aikaciyar jinya da ta yi awa 12 a tsaye, sannan ta sha cunkoson babbar hanyar Beltway, ba ta da ƙarfin tuƙa tuwo da ƙarfe tara na dare. Abinci mai zafi take so, wanda ba soyayye ba, kuma wanda ba zai cinye mata aljihu ba.

Bahaushe kuwa ba ya jin kansa baƙo a gaban wannan kwano. Wanda ya tashi da farfesun kayan ciki da romon ganda ya san darajar ƙashi. Ko ruwan kifin da 'yan Biyetnam suke tsimawa da gishiri, wanda warinsa ke korar wasu, aikin daddawa yake yi a miyarsu: a hanci ba daɗi, a baki kuwa shi ne gishirin zance.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Gundumar cike take da Musulmi, ga masallacin Turkawa na Diyanet da aka buɗe a Lanham a 2016, ga shagunan naman halal a kusa. Amma yawancin shagunan pho ba da yankan Musulmi suke aiki ba, kuma naman alade yana cikin abincinsu da dama, musamman gasasshen nama kan shinkafa da burodin banh mi. Wasu cikinmu sukan kafa hujja da halaccin yankan Ahlul Kitabi su ci na saniya, wasu su tsaya kan jatan lande da kayan lambu, wasu kuma ko ƙofar ba sa shiga. Wanda ya zaɓi kwanon kayan lambu ma ya kamata ya tambaya da wane romo aka haɗa shi, domin sau da yawa daga tukunyar naman ake ɗiba. Ga kuma gishiri: kwano ɗaya yana ɗauke da mai yawa, abin da mai hawan jini bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Yaron da aka haifa a nan ya iya riƙe tsinken cin taliya, amma a sa masa miyar kuka ya yamutse fuska. Ba laifin mai shago ba ne; girkin gida ne ya koma na Asabar da Lahadi kawai.

Su ma masu shagon ba a kan gadon hutu suke ba. A farkon 2024 adadin shanun Amurka ya sauka ƙasa da duk wanda aka gani tun 1951, farashin nama ya hau, ƙashi da wutsiyar sa da a da ake bayarwa kusan kyauta suka yi tsada. A 2024 ɗin ne kuma mafi ƙarancin albashi a Maryland ya kai dala 15 a awa. Sannan korar ma'aikatan tarayya da rufe gwamnati na kwana 43 a 2025 suka taɓa aljihun mutanen da ke cika kujerun. Farashin kwano ya ƙaru, kuma da yawa yanzu sukan saya su tafi da shi gida, romo a roba ɗaya, taliya a wata, don kada ta jiƙe kafin a isa.