Me ya sa shirin PHP yake kasa gano fayil ɗin da ke kusa da shi?

Sau da yawa mai gina shafin intanet yakan gwada shirinsa ya ga komai lafiya lau, amma da ya sa shi ya riƙa tashi da kansa cikin dare, sai shirin ya ce bai ga fayil ba. Galibi matsalar daga foldar aiki take, wato inda shiri yake fara nema idan an ba shi sunan fayil ba tare da cikakkiyar hanya ba.

Ƙa'idar CGI, wadda aka wallafa a takardar RFC 3875 a 2004, ta ba da shawarar cewa a tsarin Unix sabar ta ɗauki foldar da shirin yake ciki a matsayin foldar aiki. Haka PHP yake yi idan mai ziyara ya buɗe shafi. Amma in an kira shi daga layin umarni, ba ya sauya folda. In kuwa cron ne ya tashe shi, daga foldar gida ta mai asusun yakan fara.

Akwai haɗari a nan: shiri yana iya ajiye kwafin bayanan abokan ciniki a foldar da kowa zai iya buɗewa ta intanet.

Maganin ba wuya. Umarnin getcwd() yana nuna foldar aiki, chdir() kuma yana sauya ta. Mafi aminci shi ne a gina kowace hanya a kan __DIR__, wanda ya zo da PHP 5.3 a 2009, domin kullum yana nuna foldar fayil ɗin da aka rubuta shi a ciki.