Lafiyar Barebari: an riƙe sarauta, harshe na kuɓucewa

Har gobe tsofaffi ba sa cewa Lafiya kawai, sai sun ce Lafiyar Barebari. Sunan na tuna asalin garin: Muhammadu Dunama da jama'arsa, mutanen Barno, su suka kafa shi fiye da shekara 200 da suka wuce, a yankin da Alago da Migili ke zaune. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta yi suna a duk kwarin Binuwai, fatake na kai da kawowa ta hanyar Loko. Tun 1996 kuma garin ne babban birnin Jihar Nasarawa.

Wanda ke son ganin yadda mutanen Lafiya ke ji da gadonsu ya zo ƙofar fada ranar hawan salla. Dawaki cikin ado, algaita na tashi, maroƙa na jero kirarin sarakunan da suka shuɗe, yara sun haye katanga don kada a ba su labari. Darajar wannan gadon ta fito fili a 2019, bayan rasuwar Sarki Isa Mustapha Agwai wanda ya hau tun 1974. Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad ya bar kujerarsa a Kotun Ƙoli ta Najeriya, ya dawo gida ya karɓi rawanin kakanninsa.

Maƙwabta ma ba su yi sake ba. A Doma, Alago na bikin Odu a gaban sarkinsu, Andoma. A Keana kuwa, inda mata suka gaji dafa gishiri kaka da kakanni, suna tace ruwan gishirin ta cikin ƙasa sannan su ɗora shi a wuta har ya ƙafe, bikin Oyarore na karrama sana'ar da ta ciyar da garin tun kafin zuwan Turawa. Wannan ya fi burge ni, domin al'ada ce da ake ci da ita, ana kai ta kasuwa, shi ya sa take da rai.

Abin da ke damuna shi ne harshe. Barebarin Lafiya sun riƙe sunansu da sarautarsu, amma Barbarci ya daɗe da barin yawancin gidajensu, Hausa ta maye gurbinsa. Yanzu ga alama hanyar ce yaran Eggon da Alago da Migili da Gwandara da aka haifa a cikin gari ke bi: Hausa a kasuwa da layi, Turanci a makaranta, harshen gida sai gaisuwa idan kaka ta zo daga ƙauye. Mu masu Hausa muna alfahari da yadda harshenmu ya haɗa kan jama'a, kuma gaskiya ne ya haɗa. Sai dai waƙar biki da take da tatsuniya suna cikin harshen da aka ƙirƙire su da shi. Ranar da babu mai jin harshen, rawar za ta saura, ma'anarta ta bi masu ita.

Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana da malamai da ɗaliban da za su iya shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana su naɗi tsofaffi tun suna da rai. Iyaye kuma, don Allah, idan an shiga gida a yi wa yara magana da harshen da aka rene ku da shi.