Kuɗin wata a wasannin intanet: haya ce, ba saye ba

Magana biyu ke yawo a bakin matasa kan wasannin intanet na taron jama'a da ake biyan kuɗin wata kafin a shiga. Wasu na cewa damfara ce tsagwaronta tunda ga wasannin kyauta birjik. Wasu kuma na cewa wanda ya biya ya mallaki wasan, ba mai sake neman sisinsa. Kowace magana ta cuɗa gaskiya da ƙarya. Kuɗin nan haya ce, kuma da mudun haya ya kamata a auna shi.

Batun mallaka ƙarya ce. World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, yana karɓar dala 14.99 a wata a Amurka, amma jarumin da mutum ya yi shekaru yana reno a manyan kwamfutocin kamfanin yake zaune. Ranar da aka kashe su, komai ya tafi. Haka aka rufe Star Wars Galaxies a Disamban 2011, aka rufe WildStar a Nuwamban 2018, masu wasan suka tashi hannu rabbana. Kuɗin wata kuma bai rufe ƙofar kashe kuɗi ba: sabon babin wasan daban ake sayen sa, ga kantin cikin wasa mai sayar da tufafi da dabbobin hawa. Sai dai jita-jitar cewa da zarar ka daina biya za a goge jaruminka ba ta da tushe. A World of Warcraft yana nan yana jiran ka da kayansa. Wasu abubuwan ne ke salwanta: a Final Fantasy XIV, gidan da mai shi ya yi kwana 45 bai taka cikinsa ba rushe shi ake yi, a saki filin ga wani. Wannan doka tana sa mutane biyan watan da ba su da niyyar yin wasa a cikinsa, kuma a ganina abin zargi ne.

Masu cewa damfara ce ma sun wuce gona da iri, domin wasan kyauta shi ma sai ya ciyar da ma'aikatansa. Da yawa suna samun kuɗi ne ta akwatin sa'a, inda za ka biya ba ka san abin da zai fito ba, har hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca a 2018. A Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 245 don a mayar wa waɗanda aka cire wa kuɗi ba da son ransu ba, ciki har da iyayen da yaransu suka yi sayayya ba izini. Kuɗin wata kuwa farashinsa a fili yake, uba zai iya lissafa shi tun farkon shekara. Wani zai ce ai miliyoyin mutane na buga wasan kyauta ba su taɓa biyan kwabo ba. Gaskiya ne, kuma mai iya kame hannunsa kyautar ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce an tsara wasannin ne don hannun ya kuɓuce.

Ga mai wasa a Kano ko Maraɗi lissafin ya fi tsauri. Da kuɗin waje ake biya, kuma lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin wata ɗaya ya zarce naira dubu ashirin, ban da data da man janareto. World of Warcraft da Final Fantasy XIV ba su da manyan kwamfutoci a Afirka, sai an ratsa zuwa Turai, don haka kana danna maɓalli jarumin na jinkirin amsawa, dodon kuwa ba ya jira. Hanyar gwaji a buɗe take: World of Warcraft kyauta ne har mataki na 20, gwajin Final Fantasy XIV kuma ba shi da wa'adi. Wanda ya gwada, layinsa ya ɗauka, yake da abokan wasa da lokacin shiga sau da yawa a mako, kuɗinsa bai faɗi banza ba. Wanda sai jefi-jefi yake leƙawa, ya kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta, ya bar kuɗinsa a aljihu.