Zapier: Yadda Burauza Ke Amsa Wa Kwastoma Ko Mai Kaya Na Barci

Duk mai sayar da atamfa da ke karɓar oda ta Google Forms ta san wahalar: kowace oda sai ta buɗe, ta kwafi imel ɗin mai saye, ta sanar da shi saƙonsa ya iso. Randa ta manta, ciniki ya wuce.

Wannan aikin ne Zapier, kamfanin Amurka da aka kafa a 2011, ke ɗauke wa mutane. Ba a sauke komai. A burauza ake shiga, a haɗa asusun Google, a zaɓi abin da zai tayar da aikin, wato sabuwar oda, da abin da zai biyo baya, wato imel ta Gmail. Haɗin nan shi ake kira Zap.

Tsarin kyauta na ba da ayyuka 100 a wata, kuma wasu haɗe-haɗen sai bayan minti 15 yake leƙa su. A waya allon shiryawar ya matse, gara a ari kwamfuta. Kafin a danna amincewa kuwa, a karanta izinin da kyau, domin da sunan mai asusun zai riƙa aika saƙo.